Kar ka kunna rishon nan sai ka karanta wannan

Ɗana,

Fatan kun isa lafiya. Sai jiya na shiga ɗakin ajiya neman wani abu na ga gurbin rishon gas ɗin nan wayam, na tambayi mamanka tace ai kai ka ɗauka, wai kai da abokanka za ku yi kwana huɗu a daji cikin tanti. Ban ce kar ka ɗauka ba, dama ko ba yau ba naka ne, amma da ka tambaye ni da mun yi maganar nan ido da ido, ba sai na zauna ƙarfe ɗayan dare ina latsa waya ba.

Ƙarfen rishon lafiyarsa lau, har 'ya'yanka sai su dafa da shi. Tiyon da regileta, abin nan da ake sawa a kan tukunyar gas yana daidaita ƙarfin fitarsa, su ne ban yarda da su ba. Tun da na sayi rishon ban taɓa canza ko ɗaya ba, kuma lokacin ko rarrafe ba ka fara ba. Roba tsufa take ko ana aiki da ita ko tana ajiye. Ɗauko tiyon ka lanƙwasa shi kusa da inda ya shiga rishon, za ka ga 'yan tsagu kamar faso a dunduniya. Ka duba jikinsa kuma, shekarar da aka yi shi na nan a buge idan ba ta goge ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce tiyo ya yi kamar shekara 5 a canza, regileta kuma 10. Yi lissafin da kanka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A tafiyarmu ta ƙarshe da shi na ji warin gas wajen bakin tiyon, na naɗe wurin da baƙin salatif nace in mun dawo zan canza. Muna dawowa aka shiga abin kawunka, ka san yadda shekarar nan ta kasance, wa yake ta risho? Daga nan ba mu ƙara fita ba, ni kuma a raina abin da yake ajiye ba ya cutar da kowa. Salatif ɗin yana nan har yanzu, za ka gan shi. Ba gyara ba ne, ba ya riƙe gas.

Toh ga abin da za ka yi. Ka juya rishon ka nemi 'yar takardar ƙarfe ko rubutun da ya nuna matsin gas ɗin da yake ɗauka, za ka ga lamba da mbar a gefe. Gas ɗin iri biyu ne, yawanci butan 28 zuwa 30 ne, furofen kuma 37, wasu rishon 30 ne duka biyun. Regiletan da za ka saya sai lambarsa ta yi daidai da ta rishon, kuma bakinsa ya dace da kan tukunyar gas ɗin, don wasu dannawa ake su kama, wasu murɗawa ake. Na murɗawa da yawa hagu suke ɗaurewa, in ya ƙi shiga kar ka sa ƙarfi ka lalata zaren. Ka duba 'yar robar da take cikin bakin tana nan kuma ba ta bushe ba. Tiyo ka sayi wanda aka yi don gas, ba na ruwa ba, ba na fetur ba, faɗin cikinsa daidai da tsohon, galibi milimita 8 ne, kuma kar ya yi tsayi yana jan ƙasa. In ya ƙi shiga ka tsoma bakin a ruwan zafi ya yi laushi. Sabon kilif a kowane baki, ka ɗaure da sukudireba ya kama amma kar ya yanki robar. Ban da waya, ban da ƙyauron roba. Duk wannan a waje, tukunya a rufe, kuma abokinka mai sigarin nan ya matsa can nesa.

In ka gama ka dama sabulu da ruwa ya yi kumfa, ka bar makunnin rishon a rufe ka buɗe tukunyar, ka shafa kumfar a duk mahaɗa da jikin tiyon ka tsaya ka zuba ido. In ka ga ƙwai yana tasowa yana girma, yoyo ne, rufe ka sake. Wallahi in na ji ka gwada da ashana ni da kai ne. Wutar kuma shuɗiya za ta fito, in ja ce ko rawaya tana baƙanta tukunyar girki akwai matsala, wani lokaci gizo-gizo ne ya yi saƙa a bututun.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne tantin. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, daidai inda kanka yake a kan shimfiɗa, sai wani ya farka ya ƙyasta wuta. Wannan ma aƙalla yana da wari, don da gangan ake zuba masa shi. Ɗayan ba shi da wari ba shi da launi, kabon monoksaid, shi yake taruwa in an kunna risho a rufaffen wuri. Ciwon kai, jiri, kasala, mutum ya ce gajiya ce bari ya ɗan kwanta, shikenan. Kuma na san yadda za a yi, za a yi ruwa ko sanyi ya sauko, wani ya ce a shigo da shi ciki minti biyar kawai a ɗan ji ɗumi, kai kuma ba ka iya cewa a'a a gaban abokai ba, tun kana ƙarami haka kake. Komai aka faɗa maka sai "ba komai Baba". Ba komai ɗin ne ya kai mu asibiti da hannunka wancan karon, ko ka manta? Ni ban manta fuskar mamanka a daren ba, kuma ba zan iya sake gani ba. Rishon da tukunyar a waje za su kwana, ko ana ruwan ƙanƙara. Ku ci abu mai sanyi, ku ƙara bargo.

Ka yi haƙuri in na yi zafi. Ka girma, na sani, kuma hannunka ya fi nawa iya gyara. Laifin salatif ɗin nawa ne ba naka ba, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. In ba ka samu kayan a inda kuke ba ka bar rishon a mota, ka faɗa min abin da ka kashe in ka samu zan turo maka. Ka ɗauko min hoton sabon tiyon ta wurin da shekarar take, da hoton kumfar a kan mahaɗa. Mamanka na gaishe ka, ba ta san zancen salatif ɗin ba tukuna, zan faɗa mata da safe. Allah Ya tsare, Ya dawo da ku lafiya.

Babanka