Jakar Keke Mangala Ce, A Ɗaure Ta Sama Da Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwana masu hawan keke a kan wani abu da ya kusa halaka ni, wato yadda muke rataya jaka a kariyar baya. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, da yawa daga cikinmu ma'aikata muka jingine babura muka kakkaɓe kekunan da muka manta da su a zaure. Ni malamin firamare ne, kuma keke ne yake kai ni makaranta, ya dawo da ni da littattafan ɗalibai da ɗan cefanen gida.

A bara na sayi jakunkunan keke guda biyu na gwanjo, irin waɗanda ake ratayawa dama da hagu a jikin kariya. Kowace tana da ƙugiya biyu a sama, sai na maƙala su na hau hanya, ban damu da wata 'yar ƙugiya da na gani tana reto a bayan jakar daga ƙasa ba. Wata safiya ina gangara sai na faɗa rami, jakar dama ta yi tsalle, ƙugiya ɗaya ta fita, igiyar jakar ta shige cikin wayoyin taya, tayar ta cije nan take. Na tashi da gurjewa a gwiwa da gwiwar hannu, wayoyi uku sun tsinke, littattafan yara sun watse a kwata, kuma Allah ne ya sa mai A Daidaita Sahun da ke bayana ya taka birki a kan lokaci. Da na tura keken wurin mai gyara, bai ko taɓa tayar ba sai da ya juya jakar ya nuna mini ƙugiyar nan, ya ce, "Malam, ai ba ka ɗaure ƙasan ba."

Duk wanda ya taso a inda ake kai taki gona da jaki ya san cewa mangala ba ta zama sai nauyin ɓangarorin biyu ya yi daidai. Jakar keke ita ma mangala ce, sai dai keke ya fi jaki gudu, kuma a gefensa akwai taya mai juyawa da za ta fizge duk abin da ya kusance ta. Ƙugiyoyin sama aikinsu ɗaukar nauyin da ke ja ƙasa, amma idan aka hau tudu ko aka faɗa rami, sama jakar take tashi, kuma babu abin da zai hana ta fita sai maɗauri na uku da ke ƙasa. Shi ne kuma yake hana ta lilo idan an sha kwana. A tsofaffin jakunkuna maɗaurin nan roba ce mai ƙugiya da ake ja a saƙala a gindin ƙafar kariya, kusa da cibiyar taya. A irin waɗanda kamfanin Ortlieb na Jamus yake yi kuwa, wani ɗan yatsan roba ne mai tauri da ake zurawa bayan ƙafar kariya, kuma ƙugiyoyin saman suna da harshe da ke rufewa a ƙarƙashin ƙarfen da zarar an saki hannun jakar. Kowane iri mutum yake da shi, wuri uku ake buƙata, biyu a sama, ɗaya a ƙasa.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu masu sayen gwanjo. Ana yi wa ƙugiyoyin nan baki mai faɗi domin su hau ƙarfe mai kauri, har milimita 16 a wasu, sannan a haɗo su da ƙananan robobi da ake cusawa a ciki idan ƙarfen kariyar siriri ne, kamar milimita 8 ko 10 ko 12. Kafin jaka ta iso kasuwarmu, galibi robobin sun ɓace, sai ka ji tana ƙwas-ƙwas a kan kariya, tana cin ƙarfen, ita ma ƙugiyar tana cinyewa. Maganin da na samu mai arha ne: na yanko tsohon tiyub na taya na nannaɗe daidai inda ƙugiyoyin suke zama har suka kama gam. Guntun tiyon ruwa da aka tsaga shi a tsaye ma yana yin wannan aiki. Ya kuma dace a sa kowace ƙugiya ta jingina da ɗaya daga cikin ƙarafan da suka gitta kariyar, ɗaya ta gabansa ɗaya ta bayansa, domin kada jakar ta riƙa zamewa gaba idan an kama birki.

To amma duk ingancin jaka banza ne idan ita kanta kariyar tana rawa. A kekuna da yawa ƙananan kusoshi masu zare ne, na milimita 5, suke riƙe da ita, kuma girgizar hanya tana kwance su a hankali ba tare da mai keke ya sani ba. Na sha ganin inda kusa ta faɗi aka maye gurbinta da waya, kuma wannan ganganci ne, domin ranar da wayar ta tsinke kariyar za ta kwanta a kan taya da kayanta gaba ɗaya. A sa washa, a ƙara noti na biyu a inda akwai wuri, a kuma bi su da sifana sau ɗaya a mako. Kusar da ke ɓangaren sarƙa kada ta yi tsawon da za ta taɓa sarƙar.

Sannan kariya ba ɗaya ba ce. Mun saba da ta tsofaffin Raleigh da Phoenix, mai nauyin ƙarfe, wadda ake ɗora wa buhu ko a goya babban mutum, sai muke yi wa kariyar alminiyam ta kekunan da ake shigowa da su daga Turai irin wannan lodi. Mafi yawan waɗannan an rubuta a jikinsu cewa iyakarsu kilo 25 ne, wanda shi ne nauyin ruwan jarka ɗaya mai lita 25. Wanda ya rataya jarka biyu ya ninka abin da aka yi ta dominsa. Irin da ake ɗaurewa a sandar sirdi kawai, marar ƙafafu, ita ma ba ta kai rabin haka ba, kuma ba ta da abin da zai tare jaka daga taya.

Ba na raina roba, domin ita ce ta riƙe kayan talaka a bayan keke shekara da shekaru, kuma har yau ina ajiye guda a jakata. Sai dai rana tana busar da ita ta tsattsage, ta tsinke ba sallama, kuma jelar da ake bari tana reto ita ce abincin taya. Na fi amincewa da igiya mai faɗi irin ta jakar goyo, mai kan bel, wadda ake ja ta tsaya inda aka tsayar da ita. Duk abin da ya yi saura a naɗe shi a cusa.

Wajen zuba kaya, mai nauyi ya zauna a ƙasa kuma ta jikin taya, a raba shi biyu daidai. A matsar da jaka baya gwargwadon yadda diddige ba zai buge ta ba idan ana taka feda, domin diddige yana iya ɗaga ta daga ƙugiya, amma kada ta yi nisa da cibiyar taya har gaban keke ya riƙa rawa. Kullum kafin in fita nakan ɗaga bayan keken kamar taƙi guda in sake shi, in kuma ja kowace jaka sama da gefe.

Kirana na musamman ga teloli da dukawa da masu walda ne. Ba sai mun jira gwanjo ba, domin telan da ke ɗinka jakar makaranta zai iya ɗinka mangalar keke da tamfol, jaka biyu haɗe da ƙyallen da zai kwanta a kan kariya, ya sa falanki marar kauri a bayan kowace don kada ta lanƙwashe cikin taya, ya kuma ɗinka igiyoyi a sama da ƙasa. Mai walda kuma ya ƙara sanda ɗaya a kowane gefen kariya da ɗan zobe a gindinta inda ƙugiyar ƙasa za ta kama. Haka nan ina roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da masu shirya Ranar Keke ta Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2018, wadda ake yi ranar 3 ga Yuni, su gayyato masu gyaran keke na unguwanni a wannan rana su nuna wa jama'a yadda ake ɗaure kaya, kowa ya zo da kekensa a duba masa kariya a wurin.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani malamin firamare,
Kano.