A daina ajiye lamba da sunan "Oga 2"

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan yadda muke ajiye lambobi a waya, abin yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi.

Mutum zai buɗe wayarsa ka ga Oga, Oga 2, Oga sabuwa, Malam MTN, kuma ranar da buƙata ta taso ya tsaya yana ta dube-dube har wanda ake nema ya kama gabansa. Ni dai a ganina a rubuta sunan mutum sannan a ƙara sana'arsa ko inda aka san shi, kamar Mai gyaran fanfo ko Makaniki, don bayan wata shida sana'ar za ka tuna ba sunan ba, da ka rubuta "fanfo" a wurin nema sai ya fito.

Sai kuma masu zuba komai a kan sim, sim ɗin da yawanci lamba 250 yake ɗauka, kuma yana guntule dogon suna. A ajiye a asusun Google, masu iPhone kuma a iCloud, ko an sace wayar kana shiga asusunka a sabuwa lambobinka za su dawo. A nan ma akwai wurin haɗe lambar da ta maimaitu.

Iyaye da likita a sa musu tauraro su hau sama. Lambar ƙasar waje kuma a fara da alamar + da lambar ƙasar, in ba haka ba WhatsApp ba zai nuna mutumin ba.

Na gode Edita.

Naku, mai karatu a kullum.