Zanen izinin gini ba shi ne ginin ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Asabar ya ce duk wanda ya adana zanen da ya samu izinin gini da shi ya gama tanadi. Wannan kuskure ne, kuma raina ya ɓaci da mai gabatarwa ya bar maganar ta wuce ba ko tambaya.

Zanen izini niyya ce kawai. Wanda ke amfanar mai gida shi ne zanen da ake gyarawa bisa abin da aka gina, wanda 'yan kwangila a nan ke kira rekolman. Wane gini ne a Marwa, nan Kamaru, ya tashi daidai da takarda? A zane zurfin tushe santimita 80 ne, ana haƙawa sai a tarar da karal, baƙar ƙasar nan mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, dole a ƙara nitsawa. An rubuta rodi mai lamba 12, ya yanke a kasuwa, aka sa mai lamba 10, wanda bai kai shi kauri ba. Mai aikin famfo ya ci karo da ginshiƙi, ya karkatar da bututun bayan gida. Daga an zuba kankare an yi shafe, ba mai sake ganin ko ɗaya.

Bayan shekaru sai mai gida ya so ɗora bene, tunda ga rodi nan a tsaye kan rufi yana jira. Injiniya ya yi lissafin nauyi da tsohon zane, alhali ƙarfen da ke cikin ginshiƙan bai kai abin da aka rubuta ba. Wannan batun rai ne, ba tsagewar bango kawai ba! Ƙananan asara kuwa ba a magana: mai kafa na'urar sanyaya ɗaki ya huda wayar wuta, ko motar kwasar masai ta zo a fasa rabin daɓen tsakar gida ana laluben murfi.

Aikin kuma ba wuya. A ajiye kwafin zanen a wurin gini da jan biro, duk canjin da aka yi a rubuta shi a ranar, kada a bari sai ƙarshe. Kafin zuba kankare ko shafe, a ɗauki hoton rodi da bututu da wayar wuta, da tef ɗin awo a jikinsu. Abin da aka binne a waje, a auna nisansa daga kusurwoyi biyu na ginin, a rubuta zurfinsa da kaurin bututun. Kada a auna daga darbejiya ko katanga, gobe ana iya sare ta ko a rushe. A ƙarshe a fitar da tsabtataccen zane mai kwanan wata da sa hannu, kwafi biyu, a kuma ajiye hotonsa a waya.

A kwangilar gwamnati ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har a yi karɓar ƙarshe. Mai ginin kansa ma ya yi haka, kada ya biya cikon kuɗi sai rekolman ya shiga hannunsa. Ina roƙon ku dawo da baƙon nan ya gyara maganarsa a iska, kamar yadda ya faɗe ta a iska.

Sannan don Allah ku duba lokacin shirin. Tun da kuka matsar da shi kusa da Magariba, magina da leburori suna masallaci ko kan hanyar gida, kuma don su ake yin sa.

Mai sauraronku,
wani mai kula da aikin gini, daga Marwa.