Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Mun yi zaman wata-wata na ƙungiyarmu ta masu awon yanayi kamar yadda muka saba, ban da na Agusta da ruwan sama ya hana.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne Ranar Yanayi ta Duniya, 23 ga Maris. Da yake ta faɗo ranar Lahadi, sai muka yi namu washegari a wata makarantar sakandare a Tudun Wada. Ga azumi ga zafin bazara, amma ɗalibai suka cika fili. Mun ɗora ma'aunin zafi ɗaya a kan kwanon rufi, ɗaya kuma a cikin farin akwatinmu mai ƙofofin shan iska, tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Da azahar yaran suka karanta da idonsu, na kan kwano ya yi wa ɗan uwansa fintinkau. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambayi wanne ne mai gaskiya. Tambayar da muke jira ke nan! Muka ce mata zafin iska ake aunawa, ba zafin kwano ba, shi ya sa ake ba ma'aunin inuwa.

Daga nan shugaban ƙungiya ya zana gidajen dara a allo, ya nuna yadda masana ke yanka sararin samaniya gida-gida a kwamfuta, kowane gida kusan kilomita 100, ana lissafa hasken rana da tururin ruwa da gajimare da iskar kabon da ke cikinsa. Ya ambaci masanin yanayi Syukuro Manabe, wanda ya yi irin wannan lissafi tun 1967, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021. Ya ce lissafin ba ya samun karɓuwa sai an gwada shi da awon gaske, irin wanda Hukumar Yanayi ta Duniya ta dogara da shi ta ce 2024 ce shekara mafi zafi a tarihin awo, da ƙarin kusan digiri 1.55 a kan zafin 1850 zuwa 1900. Har aka kira la'asar yaran ba su watse ba.

Akwatunan awon zafi na Rigasa da Kawo ba su kammalu ba, na kuwa ji masu cewa kwamiti ya yi sakaci. Ba haka ba ne. Mun ba kafinta kafin alƙalami, katako ya yi tsada, asusu kuma ya bushe, domin waɗanda suka biya kuɗin shekara ba su kai rabinmu ba. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, wasu har gida na bi su, sai dai a ce mini ƙarshen wata.

Littafin awonmu ma yana da giɓi a Yuli da Agusta, saboda waɗanda suka karɓi aikin karanta ma'auni da safe sun daina zuwa ba tare da sun sanar ba. Shekara 30 ake tarawa kafin a fitar da matsakaicin zafin wuri, ranar da aka tsallake kuma ba ta dawowa. Da wane ido za mu kai wa NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, irin wannan littafi mu nemi haɗin gwiwa?

Duk mai bashi ya biya kafin zaman Janairu. Muna kuma neman mutum biyu da ke zaune kusa da farin akwatin awonmu, su karɓi karatun ƙarfe tara na safe.

Wassalam,
Ma'ajin ƙungiya