Zuwa ga Habu a Alƙahira

Assalamu alaikum Malam Habu,

Ya karatu, ya zafin Masar? Ina fata kana lafiya kai da mutanen ɗakinku. Saƙon muryar nan da ka turo kana cewa in faɗa maka me nake karantawa a dogon hutun nan, na ga amsar ba za ta shiga waya a minti biyu ba shi ya sa na zauna na rubuto. Mu nan Bauchi damina ta zauna sosai, kusan kullum da la'asar sai hadari ya haɗo, an rufe makaranta, wuta kuma sai a hankali, to mutum in ba gona ya tafi ba sai littafi.

Habu don Allah ka sake karanta Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na san za ka ce ai mun yi shi a sakandare har mun ci jarabawa da shi, to wallahi ba mu karanta shi ba, haddace sunaye kawai muka yi. Na same shi ne a akwatin Baffa, bangon ya cinye takardun sun yi ja, na ɗauka da niyyar in ɗan duba kafin ruwa ya tsaya, sai kiran magariba na ji. Da can abin da ya dame mu Umar ne, yaron da aka sace aka sayar, Balaraben nan Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare sahara da shi har ƙasar da kake zaune yanzu ya zama malami. Wannan karon kuwa uwarsa ce ta tsaya min a rai. Matar nan ta bar gida ta bi sawun ɗanta ita kaɗai, aka yaudare ta ita ma aka mai da ita baiwa, ana ta wucewa da ita hannu zuwa hannu har Tarabulus, kuma da Allah ya haɗa su ba ta daɗe ba ta cika. Marubucin bai tsaya yana ta kuka a kan takarda ba, ya faɗi abin a taƙaice ya wuce, kuma wannan taƙaicewar ce ta fi ciwo. Ga Makau, mijin uwar Umar, da fadawa suka yi wa sharri a gaban sarki don hassada aka kore shi daga gari, kai ka san mun ga irin wannan da idonmu, ba sai na kira suna ba.

Abin da ya ƙara kama ni, Abubakar Tafawa Ɓalewa fa an haife shi 1912, gasar rubutun da aka yi a Zariya kuma 1933 ce, wadda ta fitar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, littafin ya fito 1934. Ka lissafa shekarunsa. Saurayi ne malamin makaranta a Midil ta Bauchi, bai kai mu ba ma, amma ya zauna ya rubuta cinikin bayi yadda mutanenmu suka yi shi da hannunsu, bai ɗora wa baƙo laifin duka ba. Kuma labarin a Rauta ya buɗe, nan kusa da mu. Kai da kake ta yi mana fankama da Larabcinka, ga wanda ya riga ka zuwa Masar a kan raƙumi, kai ko jirgi ka hau kana ta ƙorafin ciwon baya.

Af, kafin in manta, an sa ranar Sani, bayan an yi girbi. Eh waccan ɗin dai, ta Kobi. Maganar buhun gyaɗa ta tabbata kenan, Isuhu ya ce sai ka biya shi ko kana ina. Mai shayinmu na bakin Wunti ma ya koma wani sabon wuri, benci ya ƙaru amma shayin ya rage kauri, kullum sai ya tambaye ni ina Ustazu.

To abin da ke damuna shi ne yaran ajina. Kafin a yi hutu na tambaye su wa ya san Firayim Minista na farko ya rubuta littafi, shiru kake ji. Sun san hotonsa a naira biyar, sun san kabarinsa tunda suna wucewa ta gabansa a Keke Napep, wasu ma an taɓa kai su ziyara sun ga kayansa da aka ajiye a wurin, amma littafin babu wanda ya taɓa riƙewa. Ba wai ba sa karatu ba ne fa, kar ka ce na zama tsoho mai faɗa. Ƙanwata Zainabu sai ta raba dare tana karanta labari a waya, a guruf ɗin WhatsApp ake sako musu shafi shafi, wani ma sai ka biya kafin a saka ka, kuma cikin marubutan akwai masu hannu ƙwarai. Tsofaffin ne kawai ba sa isa gare su, ka zaga shagunan littattafai sai ka sha wuya kafin ka samu, in ka samu ma kwafi ɗaya ne ya sha ƙura. Na yanke shawara in an koma makaranta duk ranar Alhamis bayan an tashi zan riƙa karanta musu babi guda da baki, wanda ya ga dama ya tsaya. Na yi wa shugaban makaranta maganar bai ƙi ba. Bayan shi sai in shigo da waƙoƙin Sa'adu Zungur, shi ma ɗan garin nan ne, ya rasu 1958, yara su ji Arewa Jumhuriya ko Mulukiya da kunnensu su san wanda aka sa wa makaranta sunansa.

Maman Hanifa ita kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat take kai, na 1990 ɗin nan, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'yanta. Tana karantawa tana tsaki tana karanto min wuraren da suka ba ta haushi, har na karɓa na fara. Ka neme shi, an ma fassara shi da Turanci a Indiya. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare shi ke jira a layi, sai dai kwafin da na samu shafukan ƙarshe sun zube, in naka yana gida ka gaya wa Inna ta ba ni.

Kai kuma me kake karantawa banda na jarabawa? Kar ka turo min sunayen littattafan nahawu. Ka daure ka leƙa kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya ka samo min wani abu na Najib Mahfuz, mai Nobel ɗin 1988, wanda Larabcinsa ba zai fi ƙarfina ba, ka ba duk mai tahowa gida kafin ka zo.

Inna lafiyarta ƙalau, na je na gaishe ta ranar Juma'a, ta ce ka riƙa kira da safe don da dare ba ta jin wayar. Hanifa ta fara tafiya. Ka gai da Bashir, ka ce masa ina nan ina jiran amsata.

Naka,
Auwalu