Wasiƙa zuwa ga Baba daga Kuala Lumpur

Assalamu alaikum.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida. Ni ma ina nan ƙalau, ba abin da ya dame ni sai ruwan sama da yake sauka kusan kowace la'asar.

Dalilin rubuto wannan takarda shi ne maganar da Yaya ya gaya mini ta waya, cewa an nuna muku wani bidiyo da aka gan ni rataye da kalangu, har ana yaɗawa a unguwa wai na bar karatu na zama maroƙi. Don Allah ku kwantar da hankalinku, ban manta gidan da na fito ba. Abin da ya faru shi ne, ɗaliban ƙasashen waje na jami'armu suna shirya daren kaɗe-kaɗen gargajiya, aka kuma sa ni cikin kwamitin shiri. Aikina neman izinin hukumar makaranta, da kama zaure, da hayar lasifika, da yanka wa kowace ƙasa minti 10, wanda shi ne ya fi ba ni wahala domin kowa yana ganin nasa kiɗan ya fi ƙarfin minti 10.

'Yan Malesiya za su kawo kompang, wani abin kiɗa mai fuska ɗaya kamar mandiri da suke bugawa wajen rakiyar ango. 'Yan Indunusiya suna da angklung, na gora ne, girgiza shi ake yi, kowane mutum da sautinsa guda. 'Yan Yemen da Sudan za su zo da udu, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar garaya. Da aka tambayi namu, kunya ta kama ni a ce Hausawa ba su da abin nunawa, sai muka samo wani yaro ɗan Maraɗi mai kalangu. Danshin garin nan ya sa fatar ta saki, shi ya sa na riƙe masa muna gwada ta a gaban lasifika, wani ya ɗauka da waya. Ba ni zan kaɗa ba, kuma mun tsara a tsaya idan lokacin sallar isha'i ya yi.

Sai maganar kuɗi. Na turo Naira 150,000 ta hannun Yaya. Na san ba su kai abin da na yi alkawari ba, kuma abin yana damuna. Doka a nan ba ta barin ɗalibi baƙo ya yi aiki sai lokacin hutu, shi ma awa 20 a mako, sannan na saka ringit 200 na kafin alƙalamin zauren, waɗanda za a mayar mini bayan taro. A fara biyan kuɗin makarantar Auta, abin da ya rage a saya wa Inna magani. Kada a ba ɗan Kawu ko kwabo, domin na ji shi ne ya fara yawo da bidiyon, kuma na bara da ya ranta har yau bai biya ba.

Idan an sami mai tahowa, a aiko mini da farar babbar rigata da hula zanna, domin ni zan yi jawabin buɗe taro a gaban malamai. A sake tuna wa Yaya, kuɗin makarantar Auta ne farko.

A gaida Inna da Gwaggo, a ce ina neman addu'arsu.

Ɗanku mai biyayya.