A Daina Yi Wa Esin Mota "Dairek" Saboda Sensar Zafin Waje

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu motoci da masu wayarin na birnin Kano game da wata 'yar na'ura da ba ta wuce ɗan yatsa girma ba, wato sensar da ke auna zafin waje, wadda a yawancin motoci take maƙale a bayan bamba, gaban lagireto.

A watan Afrilun bara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wani mai Adaidaita Sahu ya fasa mini bamba a titin Gidan Zu. Bayan an sauya ta, sai allon motar ya riƙa nuna digiri 40 ƙasa da sifili, a Kano kuwa, esi kuma ya daina sanyi. Ashe wayoyin sensar guda biyu aka bari a tsinke suna reto. Ita wannan sensa tana ƙara sakin wuta idan zafi ya ƙaru, tana riƙe ta idan sanyi ya sauka, saboda haka da zarar waya ta tsinke sai kwamfutar mota ta ɗauka ana muku-mukun sanyi, ta hana kwamfaresa, wato injin da ke sa esi ya yi sanyi, tashi domin ta kare shi.

Mai wayarin da na je wurinsa bai ko tsuguna ya leƙa ƙarƙashin bambar ba. Cewa ya yi, "Alhaji, bari mu yi maka dairek," ya jawo waya ya ba kwamfaresa wuta kai tsaye, ya nannaɗe da baƙin tef. Sanyi ya dawo, na biya ina godiya. Amma da yake babu sauran abin da ke tsayar da kwamfaresan ya huta, sai ƙanƙara ta riƙa toshe hanyar iska, kuma kafin damina ta kankama ya ƙone, na kashe ninkin-ba-ninkin kuɗin sensar da daga baya na saya a Kasuwar Ƙofar Ruwa.

Roƙona ga shugabannin masu wannan sana'a shi ne su koya wa yaransu auna sensa da mita kafin su taɓa waya, su liƙe wadda ta tsinke da dalma maimakon murɗawa da hannu, sannan su mayar da sensar mazauninta na asali, domin idan aka ɗaure ta a jikin lagireto zafin inji za ta riƙa aunawa, ba na gari ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Tarauni, Kano.